Mutumin Kirki Ne, Amma…

Akwai wata magana da bakinmu ya saba da ita har mun daina jin nauyinta. In aka ambaci wani Kirista da ya zauna lafiya da mutane, ko malamin makaranta ne, ko nas ce a asibiti, ko bakanike ne a bakin tasha, sai ka ji an ce, "Ai wane mutumin kirki ne, salla kawai ya rasa." Wani kuma ya ƙara da cewa, "Wallahi halinsa duk na Musulmi ne." A majalisun bayan la'asar a nan Kambarawa, da sauran unguwannin birnin Katsina, ba a rasa mai faɗin haka. Yabo yake nufi, kuma da zuciya ɗaya yake faɗa. Amma in ka juya maganar da kyau, za ka ga tana ɗauke da wata 'yar kunya. Kamar yabon ba zai wuce maƙogwaro ba sai mun gutsure wa mutumin addininsa, ko mun ara masa namu na ɗan lokaci.

To, in mutum ya ƙarar da rayuwarsa yana yi wa jama'a hidima, ya kuma mutu a kan addinin da ba namu ba, har ma yana limanci a cikinsa, me ya rataya a wuyanmu game da shi? Mu yi shiru? Mu yabe shi da "amma"? Ko akwai wata hanya ta uku? Tambayar ba ta da daɗin amsawa a sarari kawai, sai an ɗora ta a kan mutum mai suna da tarihi. Wanda na zaɓa shi ne Farfesa Ishaya Audu, don shi ne ya fi toshe mana hanyoyin zillewa. Ba baƙo ba ne balle a ce al'adar garinsu ce. Bahaushe ne, Bazazzagi, da Hausa ya buɗe baki. Kuma ba Kiristan suna ba ne: a ƙarshen rayuwarsa fasto ne mai tsayawa gaban jama'a yana wa'azi.

An haife shi ranar 1 ga Maris, 1927, a Anchau, cikin ƙasar Zazzau. Asalin gidansu kansa labari ne da ba a cika ba yaranmu ba. A ƙarni na 19 an yi wani malami a Kano, Malam Ibrahim, wanda karatunsa na Alƙur'ani ya kai shi ga ba Annabi Isa, tsira da aminci su tabbata a gare shi, wani matsayi da malaman fada ba su yarda da shi ba. Ƙarshenta kashe shi aka yi. Almajiransa, waɗanda aka riƙa kira Isawa, suka watse, wasu suka nufi Ningi, wasu suka gangara ƙasar Zazzau. Wajen shekarar 1913 wasu daga zuriyar waɗannan mutane suka haɗu da Likita Mila, Baturen mishan da ke zaune a birnin Zariya, suka karɓi Kiristanci, suka kafa ƙauyensu a Gimi. Ba su daɗe ba ciwon barci ya faɗa wa ƙauyen, ya kashe mutane da yawa, saura suka tashi. Mahaifin Ishaya, Malam Bulus Audu, daga cikin waɗannan Isawa yake. Wato yaron ya taso ne a gidan da ya san ɗacin annoba, a yankin da ƙudan tsando ya addaba har gwamnatin Turawa ta gina sabon gari kusa da Anchau ta sa masa suna Takalafiya.

Ya yi karatun farko a makarantar mishan ta Wusasa, inda mishan ɗin ya koma a 1929 bayan ya bar cikin birni. Wannan ɗan ƙauye da ke gindin dutse a wajen Zariya ya fitar da mutane fiye da girmansa. Daga can Dokta Barau Dikko ya fito, likitan zamani na farko ɗan Arewa, wanda kuma yana cikin waɗanda suka kafa Jam'iyyar Mutanen Arewa. A can Yakubu Gowon ya tashi. Daga Wusasa Ishaya ya wuce Legas, sannan Ibadan, inda yake cikin ɗaliban farko-farko na kwalejin jami'a da aka buɗe a 1948, daga nan sai Ingila, inda ya kammala karatun likita. Fannin da ya ƙware a kai shi ne lafiyar yara.

A nan ne labarin ya zo inda ya kamata a dakata. Sardaunan Sakkwato, Sir Ahmadu Bello, Firimiyan Jihar Arewa, ya ɗauki wannan Kirista ɗan Wusasa ya zama likitansa na musamman. Mu Katsinawa muna da ɗan rabo a wannan, don a Kwalejin Katsina Sardauna ya yi karatu, a ginin nan na ƙasa da yanzu ya zama gidan adana kayan tarihi. Ka tsaya ka auna abin da ake nufi da likitan shugaba. Shi ne yake ganinsa ba rawani, ba alkyabba. Shi ya san abin da ke damunsa wanda 'yan adawa za su so su sani. Shi yake miƙa masa ƙwaya ya haɗiye ba tare da ya tambayi mene ne a ciki ba, ya soka masa allura yana kallon wani gefe. A ƙasar da ake tsoron sammu da guba, inda manya ba sa cin abinci a ko'ina, babu amanar da ta wuce wannan.

Kuma kada a ce ai don Sardauna bai damu da addini ba ne. Shi ne jikan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, a zamaninsa aka kafa Jama'atu Nasril Islam a 1962, kuma a shekarunsa na ƙarshe da kansa yake shiga ƙauyuka yana kiran mutane zuwa Musulunci. Shi ma likitan ba sako-sako ya riƙi nasa ba, kamar yadda ƙarshen rayuwarsa ya nuna. Mutum biyu ne, kowanne ya yi imani cewa abin da yake kai shi ne gaskiya, kuma ba mamaki kowanne yana yi wa ɗan'uwansa fatan ya dawo hanyarsa. Duk da haka ɗaya ya miƙa jikinsa, ɗaya ya riƙe amana. Yau ana yawan nuna mana kamar zaman lafiya tsakanin addinai ba ya yiwuwa sai kowa ya sassauta nasa, ya ce ai duk ɗaya ne. Waɗannan biyun ba su ce duk ɗaya ne ba. Abin da suka yarda da shi ya fi wannan sauƙi kuma ya fi shi ƙarko: mutum yana iya saɓa maka a kan lahira ya kasance ba zai cuce ka a duniya ba.

An kashe Sardauna ranar 15 ga Janairu, 1966. A wannan shekarar aka naɗa Ishaya Audu shugaban Jami'ar Ahmadu Bello, yana da shekara 39. Shi ne ɗan ƙasa na farko da ya hau kujerar, bayan Norman Alexander wanda ya riƙe ta tun buɗe jami'ar a 1962. Ya karɓe ta a mugun lokaci. Mai gidan da ya kafa ta ya mutu, rikicin 1966 ya kori ɗalibai da ma'aikata 'yan Gabas, yaƙin basasa ya biyo baya daga 1967 zuwa 1970, ita kanta Jihar Arewa da ta haifi jami'ar aka yanka ta gida shida. Shekara tara ya yi yana jan ragamar, har 1975. A cikin waɗannan shekaru ne makarantar koyon aikin likita ta jami'ar ta tsaya da ƙafafunta, kuma kwalejin Abdullahi Bayero da ke Kano, wadda daga baya ta zama Jami'ar Bayero, tana ƙarƙashinta. In ka ƙirga alƙalai da likitoci da manyan sakatarori da malaman jami'a na Arewa da suka yi digiri a tsakanin nan, akasarinsu Musulmi, za ka tarar a zamaninsa aka yaye su. Akwai gidaje da yawa a Katsina da takardar digirin mahaifi ko kaka take rataye a falo, ta waɗannan shekarun.

Siyasarsa ba sai an daɗe a kanta ba. A zaɓen 1979 shi ne ya tsaya mataimakin Dokta Nnamdi Azikiwe a jam'iyyar NPP. Ba su ci ba, amma ƙawancen da aka ƙulla da NPN ya sa Shugaba Shehu Shagari ya ba shi ministan harkokin waje. Da ƙawancen ya watse a 1981, bai bi jam'iyyarsa ya sauka ba, ya ci gaba da zama a gwamnati har 1983. Akwai waɗanda suka ga wannan a matsayin kishin ƙasa, akwai waɗanda suka ce son kujera ne, kuma mai tunawa da shi tsakani da Allah ba zai share wannan saɓani ba. Da sojoji suka kifar da gwamnati ranar 31 ga Disamba, 1983, yana cikin 'yan siyasar da aka tsare, ya yi kusan shekara a hannu.

Abin da ya yi bayan fitowarsa shi ya sa na kawo sunansa. Mun san yadda manyanmu suke yi in kujera ta kuɓuce. Wani ya tare a Kaduna ko Abuja yana jiran a kira shi shugabancin wata hukuma. Wani ya koma kwangila. Wani ya zauna a gida ana zuwa gaisuwa, yana ba da labarin zamanin da. Wanda ya saba da kujera da ƙyar yake komawa tabarma. Shi kuwa wannan tsohon minista, wanda ya zauna da shugabannin ƙasashe, Samaru ya koma, bakin ƙofar jami'ar da ya taɓa shugabanta, ya buɗe asibiti ya ci gaba da duba marasa lafiya. Duk uwar da ta taɓa kwana a ɗakin yara na asibiti ta san irin aikin: ƙyanda, zazzaɓin cizon sauro, amai da gudawa, tamowa, sanƙarau in zafi ya shigo. Aiki ne na kuka da ƙarni da tashin dare, ba a ɗaukar hotonsa a jarida. A Samarun nan kuma ya kafa coci, ya zama fasto, ana kiransa Rabaran Farfesa.

Ga mai karatu Musulmi, a nan ne "amma" ɗin take tasowa. Kuma ba zan ce tashinta wauta ba ne, don tana da tarihi a bayanta. Asibiti da coci a hannun mutum ɗaya abu ne da Arewa ta daɗe tana yi wa kallon tsanaki. Ba sai mun je nesa ba. Ka fita daga birnin Katsina ta hanyar Batsari, ba da nisa ba za ka iske Babbar Ruga. Wajen 1937, zamanin Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, aka miƙa wa mishan ɗin SIM kula da masu cutar kuturta a can, kamar yadda aka yi a Yadakunya ta Kano da Amanawa ta Sakkwato. Har lokacin Turawan mulki suna taka wa 'yan mishan birki a ƙasashen sarakunan Musulunci, sai kuturta ta zama ƙofar da suka shigo ta cikinta. Su kansu ba su ɓoye ba cewa wa'azi ne babban abin da ya kawo su. An kuma yi ta ja-in-ja tsakaninsu da sarakuna da jami'an mulki a kan yi wa majinyata wa'azi, musamman yara. Wanda ya ce magani ya taɓa zama tarko, yana da abin nunawa.

Sai dai mu faɗi ɗaya rabin ma. Kafin su zo, me kuturu yake samu a wurinmu? Sadaka a bakin masallaci ranar Juma'a, da sarautar Sarkin Kutare, da tarin karin magana da muke yi da dungulminsa. Ba a kore shi daga gari ba, wannan gaskiya ne, kuma abin a yaba ne. Amma wanda zai zauna ya wanke gyambon, ya naɗe shi, ya dawo gobe ya sake, shekara da shekaru, a lokacin da maganin da ake da shi allurar wani mai ce mai zafi wadda ba ta cika warkarwa ba, wannan ba mu samar da shi da yawa ba. Sai a ƙarshen shekarun 1940 ƙwayar dafson ta fara sauya lamarin. Waɗanda suka yi wannan wanki suna da wata manufa a zuci, haka ne. Gyambon kuma ya wanku.

Shin manufar tana ɓata aikin? Ni a ganina ba kasancewar manufa ba ce matsalar, don babu mai hidima da ba shi da ita. Ƙungiyoyinmu na Musulunci ma suna kai magani da rijiyar burtsatse ƙauyukan Maguzawa, kuma ba sa ɓoye fatansu. A cikin waɗanda shari'a ta ce a ba zakka akwai waɗanda ake lallashin zukatansu. Ba za mu kira namu da'awa mu kira nasu yaudara ba alhali siffar aikin ɗaya ce. Inda ake rabuwa shi ne sharaɗi. In mara lafiya ya ce ba ya son jin wa'azi, shin allurarsa tana raguwa? Shin layinsa yana ƙara tsawo? In an sa wa magani farashin imani, an ci zalin mutum a lokacin da ba shi da ƙarfin cewa a'a, kuma wannan zalunci ne ko wane ne ya yi shi, da kowane littafi a hannunsa. In kuwa an ba shi magani cikakke, aka bar masa zuciyarsa, to kyauta ce, kuma fatan da mai bayarwa ya ɓoye a ransa tsakaninsa ne da Ubangijinsa.

Da wannan ma'auni, abin da ke a fili game da Ishaya Audu yana da nauyi. Mafi girman abin da ya gina ba na coci ba ne. Jami'a ce mai ɗauke da sunan jikan Shehu, wadda ta cika da 'ya'yan Musulmi, suka shiga da sallarsu suka fita da ita, da digiri a kai. Mutumin da ya fi kowa kusanci da jikinsa a matsayin majinyaci ya mutu yana jagoran kira zuwa Musulunci. In tarko ne wannan, to ba a taɓa ganin tarkon da ya yi shekaru haka yana ciyar da tsuntsu yana sakinsa ba.

Na san abin da ke daure wa mutane kai a ƙasan duk wannan. Tsoro ne kada yabo ya zama addu'a. Malamai sun karantar da mu cewa ba a nema wa wanda ya mutu a wajen Musulunci gafara, kuma ba wannan nake neman a sauya ba. Kiristoci ma suna da tasu aƙidar game da makomar wanda bai bi hanyarsu ba. Amma Hausa da kanta ta raba mana abu biyu da muke cakuɗawa. Akwai hukunci, akwai shaida. Hukuncin lahira ba a hannun kowa yake ba a cikinmu. Shaida kuwa tamu ce, ita ce abin da muke cewa in an yi rasuwa: wane ya samu kyakkyawar shaida. Mai shaida ba alƙali ba ne. Ba a tambaye shi ina mamacin zai tafi ba, an tambaye shi abin da ya gani. Kuma mun san matsayin wanda ya ga abu ya ɓoye, ko ya rage, don wanda abin ya shafa ba ɗan gidansu ba ne.

Akwai misali a tarihin Musulunci da ya kamata a riƙa tunawa. Lokacin da Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya dawo daga Ɗa'ifa bayan jifan da aka yi masa, bai shiga Makka ba sai a ƙarƙashin kariyar Muɗ'im ɗan Adiyyu, wanda ya fito da 'ya'yansa da makamai suka raka shi. Muɗ'im bai musulunta ba, a kan addinin kakanninsa ya mutu, kafin yaƙin Badar. Bayan an ci nasara a Badar, ga fursunonin Ƙuraishawa a hannu, sai Manzon Allah ya ambace shi, ya nuna cewa da yana raye ya nemi a sake su, da an sake masa su. Hassanu ɗan Sabitu, mawaƙin Manzo, ya yi masa waƙar makoki. Ba wanda ya ce Muɗ'im Musulmi ne a ɓoye. Ba wanda ya ce halinsa na Musulmi ne. An bar shi a yadda yake, aka kuma riƙe alherinsa a matsayin bashi, har bayan ƙasa ta rufe shi. In an yi wa mai bautar gumaka wannan adalci, ban ga dalilin da zai sa a hana shi ga likitan yara daga Ahlul Kitabi ba.

Mu juya madubin kuma. A watan Yunin 2018, da aka kai hari ƙauyukan Barikin Ladi a Jihar Filato, Liman Abubakar Abdullahi na ƙauyen Nghar ya ɓoye mutane fiye da 200, akasarinsu Kiristoci, a masallacinsa da gidansa, ya tsaya a ƙofa ya hana a shiga. Da labarin ya bazu, har Amurka ta karrama shi a 2019, wayoyinmu sun cika da hotonsa. Me muka so duniya ta gani? Liman. Da rawaninsa, da gemunsa, da masallacinsa. Da wani fasto ya tashi ya ce, "Ai wannan dattijo halinsa duk na Kirista ne, baftisma kawai ya rasa," da ranmu ya ɓaci, kuma da gaskiyarmu. Za mu ce a'a, Musuluncinsa ne ya sa shi yin haka, kada a ƙwace masa. To, shi ma Ishaya Audu, in da za a tambaye shi abin da ya mayar da shi ɗakin duba yara bayan ya yi minista, ba na shakkar da imaninsa zai amsa. Cire faston a bar likitan kamar cire limamin ne a bar dattijon.

Wannan "amma" ba matattu take yi wa illa ba, su sun wuce inda za ta same su. Rayayyu take sara. A Jihar Katsina akwai Hausawa Kiristoci masu yawa, a Malumfashi da Ƙafur da kewayensu, mutanen da ba su da wani yare sai Hausa, ba su da wani gari sai nan. A Disambar 2023 aka naɗa ɗaya daga cikinsu, Gerald Mamman Musa, ɗan Malumfashi, bishop na farko na sabuwar diyosis ɗin Katolika ta Katsina. Yaron da ya taso a irin waɗannan gidaje, in kullum abin da yake ji shi ne kirki kayan wasu ne, in an gan shi a wurinsa to aro ne, me muke koya masa game da matsayinsa a ƙasar kakanninsa? Shi kuma namu yaron, da yake jin maganar daga bakinmu, yana koyon cewa sunan addini ya isa ya ba shi hali ko bai yi wahalar gina shi ba. Ina jin wannan na biyun ya fi haɗari. Masu satar mutane a dazukan Batsari da Jibiya ba daga Wusasa suka zo ba, sunayensu irin namu ne.

Wani Bature masanin Hausa, Anthony Kirk-Greene, ya taɓa yin lacca a kan abin da Bahaushe yake nufi da mutumin kirki, aka buga ta a 1974. Ya tattaro siffofi irin su gaskiya, amana, karamci, haƙuri, hankali, kunya, ladabi da mutunci. Abin lura shi ne yawancinsu maƙwabci ne yake iya tabbatar da su, ba mai su ba. Ba ka cewa kai mai amana ne, sai wanda ya ba ka ajiya ya faɗa. Ke nan kirki a wurin Bahaushe abu ne da yake rayuwa a bakin mutane, in suka ƙi faɗa sai ya ɓace kamar ba a yi ba. Shi ya sa shirunmu ba ƙaramin abu ba ne. Ka tambayi ɗaliban sakandare goma a Katsina wane ne ɗan ƙasa na farko da ya shugabanci jami'ar Zariya, ka ga nawa za su amsa. Sunan Sardauna kowa ya haddace, kuma ya cancanta. Sunan wanda Sardauna ya amince wa da lafiyarsa, ya kuma riƙe masa jami'arsa shekara tara bayan ba shi, yana neman shuɗewa.

Ishaya Audu ya rasu ranar 29 ga Agusta, 2005, a Amurka, yana da shekara 78. Akasarin ɗaliban da ke shiga ƙofar jami'ar a Samaru yanzu, ko dai ba a haife su ba lokacin, ko suna goye. Yaran da ya duba a asibitinsa a ƙarshen shekarun 1980 kuwa sun doshi arba'in, da yawansu suna da nasu 'ya'yan. Su ba za su tuna fuskarsa ba, sun yi ƙanƙanta. Iyayensu mata ne, waɗanda suka goyo su zuwa can da zazzaɓi suka koma gida da su, suke riƙe da sunan likitan.